An ba 'yata gurbin karatun malanta a Jami'ar Jos: ta karɓa ko ta jira baɗi?

Baban Hafsat, Rikkos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa, musamman waɗanda suka yi aikin koyarwa ko suka bi ta tsangayar ilimi ta wata jami'a. 'Yata ta fari ta rubuta jarrabawar JAMB da burin karanta ilimin haɗa magunguna a Jami'ar Jos, amma makinta bai kai abin da ake nema a wannan fanni ba, sai ta sami damar komawa tsangayar ilimi, inda za ta yi digirin koyar da Kemistiri na shekara huɗu. Tun da labarin ya iso, gidan ya rabu biyu. Mahaifiyarta tana ganin ta karɓa, domin zaman gida na shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga budurwa, ga shi kuma makarantar tana kusa da mu, kullum za ta kwana a gaban idonmu. Ƙanena kuwa, wanda shi ya biya mata kuɗin jarrabawar, cewa ya yi wannan kwas ne da ake tura waɗanda aka rasa inda za a ajiye su, kuma in dai koyarwa ce ƙarshen tafiyar, me zai hana ta je kwalejin ilimi ta Gindiri ta yi NCE, takardar shaidar malanta ta shekara uku, a huta. A ganinsa dai gara ta zauna ta sake rubuta jarrabawar baɗi.

Ni tela ne, karatuna bai wuce sakandare ba, don haka ba ni da abin da zan auna maganganun nan biyu da shi. Ina so in san ainihin abin da ake koya wa ɗalibi a tsangayar ilimi, da abin da ya bambanta wannan digiri da NCE idan an zo neman aiki, da kuma ko akwai hanyar da za ta koma fannin da take so bayan ta shiga. Yarinyar ba ta ce tana ƙi ba, ba ta kuma ce tana so ba, kuma shirun nata ya fi damuna a kan duk abin da manya suke faɗa.

Tsohon Hedimasta, Gangare

Wa alaikumus salam. Malam Baban Hafsat, Allah ya yi wa yarinya albarka. Maganar ƙanenka ba baƙuwa ba ce a kunnena, amma ina so ya sani cewa ba haka abin ya faro a ƙasar nan ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, makarantar horon malamai ce, kuma daga cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito da alli a hannu tun kafin su shiga siyasa. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, kuma a 1945 aka tura shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan ƙarin karatu a kan koyarwa. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, Shehu Shagari ma haka. A wancan zamani yaron da ya fi ƙoƙari a aji shi ake warewa domin malanta, ba wanda ya rage ba.

Abin ya soma sauyawa ne a idona. Lokacin da gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi lissafi, aka shiga ɗibar malamai cikin gaggawa, duk wanda ya zo aka karɓe shi. A wannan shekara na shiga kwalejin horon malamai daga firamare, na yi shekara biyar na fito da takardar Giredi Tu. Ba zan ce mun san Kemistiri ba, domin ba mu san shi ba, amma an koya mana tsayuwa a gaban aji. An koya mana yadda ake rubutu a allo ba tare da an juya wa yara baya gaba ɗaya ba, da yadda ake jefa tambaya a yi shiru kaɗan kafin a kira sunan wanda zai amsa domin kowa ya yi tunani, da yadda ake cika rajista. Tsarin darasinka kuwa sai malami ya bi shi da jan biro layi bayan layi kafin a bar ka ka shiga aji. Daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita, aka daina Giredi Tu, kwalejojinmu da dama suka koma makarantun sakandare. Irina sai muka bi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI mai hedikwata a Kaduna, muna karatun ƙarshen mako har muka sami NCE, sannan na yi digiri ta shirin dogon hutu ina da furfura, 'ya'yana suna yi mini dariya.

Na kawo wannan tarihi ne domin ka gane cewa na ɗanɗani matakan nan uku, kuma ga abin da na sani game da biyun da ka tambaya. NCE shekara uku ce, an tsara ta ne domin firamare da ƙaramar sakandare, mai ita ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma a aikin gwamnati ana ɗaukarsa a matakin albashi na 07. Digirin ilimi shekara huɗu ne, mai shi yana zuwa bautar ƙasa, ana ɗaukarsa a mataki na 08, kuma shi ake nema a babbar sakandare. Mai NCE da yake son digiri yakan shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ya ƙara shekara uku, ka ga an tashi da shida ke nan. Saboda haka shawarar zuwa Gindiri ba gajeriyar hanya ba ce ga yarinyar da ta riga ta sami gurbin digiri, ko da yake kwalejin ta fitar da malamai nagari da na yi aiki tare da su. Abin da digiri ya ƙara mini bayan shekaru masu yawa a aji shi ne sanin dalilin abubuwan da nake yi da ka, musamman yadda ake tsara jarrabawa ta auna fahimta maimakon hadda. Da na sami wannan ina ɗan ashirin, da yaran da suka bi ta hannuna a farkon aikina sun fi amfana.

Malamar Kimiyya, Unguwar Rogo

Baba Hedimasta ya gama da tarihi da matakan aiki, Allah ya ƙara masa lafiya, ni kuma zan yi magana a kan abin da ke cikin karatun, domin irin wannan digiri na yi, kuma ni ma ba shi na nema da farko ba. Karatun ya kasu gida biyu. Ɗaya shi ne darussan ilimi: tarihin ilimi da falsafarsa, halayyar yara da yadda suke koyo, tsara manhaja, gwaji da aunawa, gudanar da makaranta, da dabarun koyar da kimiyya. Ɗayan kuma shi ne Kemistirin kansa, wanda akan ɗauka a sashensa tare da ɗaliban da suke karanta shi zalla, aji ɗaya, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya, jarrabawa ɗaya, sai dai adadin darussan da ɗalibin ilimi yake ɗauka a can bai kai nasu ba. Wannan shi ya sa nake dariya idan aka ce kwas ne mai sauƙi. Ɗalibin ilimi bawan iyayen gida biyu ne, kuma sau da yawa jadawalin sassan biyu yakan yi karo, ka fito daga wannan lacca da gudu ka tarar waccan ta yi nisa.

Sai dai, Malam, abin da zai nuna ko Hafsat za ta zama malama ba a zauren lacca yake ba. Kafin a tura ɗalibi waje akan yi masa ƙaramin gwaji, ya koyar da 'yan ajinsa na 'yan mintoci su kuma su yi masa gyara, dabarar da aka faro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963. Daga nan sai gwajin koyarwa na gaske, wanda ɗalibai suke kira TP, kuma a yawancin jami'o'i mako shida ne sau biyu a shekarun ƙarshe. A jami'ar da na yi, wadda ba ta nan Jos ba ce, an tura ni wata makarantar gwamnati inda na tarar da yara sun haura tamanin a aji guda, ɗakin gwaje-gwaje a kulle, kwalaben da ke ciki kuma babu komai a cikinsu. Malamin da aka ɗora wa duba ni sau ɗaya ya zo a cikin mako shida, bai cika kwata yana zaune ba ya cika takardarsa ya wuce wata makarantar, domin ɗalibai da yawa aka raba masa kuma a mabambantan garuruwa. Wadda ta koya mini aikin a zahiri wata tsohuwar malama ce mai NCE, wadda ta zauna a bayan ajina kullum ba tare da kowa ya sa ta ba.

Ita ce ta ce mini in daina kukan rashin kayan aiki in je kasuwa. Na sayo zoɓo na jiƙa, na zuba a kofuna uku, na matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja, na zuba ruwan kanwa a na biyu ya rikiɗe ya koma kore mai duhu, na bar na uku yadda yake domin a kwatanta. Darasin asid da kishiyarsa, wanda na yi mako guda ina rubutawa a allo ba a gane ba, a wannan rana ya zauna, har yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka yi ta tambaya ko toka ma za ta yi abin da kanwa ta yi. Ba wai jami'a ba ta koyar da dabara ba ne, an koya mana yin amfani da abin da ke kusa, har jarrabawa mun rubuta a kai, amma sai da wata ta tsaya a kaina kafin abin da ke takarda ya sauko hannuna.

Game da komawa fannin haɗa magunguna, kada a shiga da wannan niyya. Akan ba da damar sauya kwas bayan shekarar farko ga mai sakamako mai kyau idan akwai gurbi, amma fannin magunguna yana da ƙayyadadden adadin ɗaliban da hukumar masu sana'ar take amincewa da shi, kuma masu jiran ƙofar suna da yawa. Na ga waɗanda suka shekara biyu ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, suka tashi ba su sami can ba, nan ɗin kuma sun lalata makinsu. A kuma sa a rai cewa shekara huɗu a takarda take: yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da na 2022, wanda na biyun kaɗai ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun sa na kusa shekara shida kafin in fito.

Mai Makaranta, Bukuru

Ina girmama duk abin da aka faɗa, amma ina ganin ana neman a lallashi yarinya, kuma ba wanda ya taɓo maganar aljihu. Ina da ƙaramar makaranta mai zaman kanta, kuma duk shekara nakan zauna da masu neman aikin koyarwa. Ba na fara duba takarda. Alli nake miƙa wa mutum in ce ya shiga aji ya koyar na minti goma, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da na lura da shi shi ne mai NCE yakan fi iya riƙe aji a shekararsa ta farko, saboda ya yi zangon karatu guda cur yana gwajin koyarwa, mai digiri kuma yakan fi zurfi a darasin idan aka zo ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne wanda ya yi digirin ilimi alhali zuciyarsa tana wani wuri. Irinsa yakan kwafe littafi a allo ya zauna yana latsa waya, kuma ranar da ya ji labarin ɗaukar aiki a banki ko kwastan, ko sallama ba ya yi mini.

Albashi kuma ba zan ɓoye ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, amma makarantu masu zaman kansu da yawa a unguwanninmu ba su kai nan ba, kuma tawa tana cikinsu, domin abin da iyaye suke iya biya shi nake rabawa. Malamin kimiyya yakan cike giɓin ne da lesin na yamma da na ƙarshen mako, kuma gaskiya mai Kemistiri ko Lissafi ba ya rasa wannan. Aikin gwamnati ya fi tsaro, sai dai ba kullum ake ɗauka ba. Saboda haka, Malam Baban Hafsat, in ka zauna da ita ka ga sam ba ta da ra'ayin tsayawa gaban yara, to maganar ƙanenka ba ta banza ba ce, a bar ta ta sake gwada jarrabawar. Shekara guda a gida ta fi sauƙi a kan shekara talatin da biyar a aikin da mutum yake jin kunyar faɗa.

Ma'aikacin Ilimi, Tudun Wada

Akwai wasu abubuwa na doka da ya kamata su shiga lissafin. Koyarwa a Nijeriya sana'a ce mai rajista a ƙarƙashin hukumar TRCN da aka kafa a 1993, kuma tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawar ƙwarewa ta hukumar kafin a ba shi lasisi. Wanda ya yi digirin Kemistiri zalla, idan yana son rajistar, dole ya koma ya yi difilomar ilimi ta bayan digiri, wato PGDE, kuma yawancin masu raina tsangayar ilimi a yau su ne suke cika ajin wannan difiloma bayan sun gama bautar ƙasa sun rasa aiki. Hafsat ba za ta buƙaci wannan zagaye ba. Haka nan a Fabrairun 2023 Ingila ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ƙwararrun malamansu na kimiyya da lissafi da harsuna za su iya neman shaidar koyarwa ta can, bisa wasu sharuɗɗa da suka haɗa da gogewa a aikin koyarwa. Ban kawo wannan don in zuga kowa ya bar ƙasa ba, mu ne muka fi buƙatar su, na kawo shi ne domin a ga cewa takardar tana da daraja a wajen da ba a zata ba.

Ga Alhaji mai makaranta kuma, lissafin shekara talatin da biyar ya sauya: dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, ko da yake kowace jiha da yadda ta karɓe ta. A 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da alawus na naira 75,000 kowane zango ga ɗaliban ilimi a jami'o'in gwamnati da 50,000 ga ɗaliban NCE, amma ina ba Malam shawara kada ya gina kasafinsa a kan sanarwa. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne asusun bashin karatu na NELFUND da ya soma aiki a 2024. Sannan dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon bayar da digiri tare da NCE, wanda ke nufin katangar da ke tsakanin hanyoyin biyu tana raguwa.

Abu na ƙarshe da ba a ambata ba shi ne tsangayar ilimi ta Jami'ar Jos ta yi suna a fannin ilimin masu buƙata ta musamman, wato koyar da makafi da kurame da masu jinkirin fahimta, kuma hakan ya dace da jihar da take da tsohuwar makarantar makafi ta Gindiri. Malamin kimiyya da ya iya maganar hannu abu ne mai wuyar samu ƙwarai. In yarinyar ta shiga, ta leƙa wannan sashe ko da ba nata ba ne.

Baban Hafsat, Rikkos

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na miƙa mata wayar ta karanta duk amsoshin da kanta, ta daɗe a kan na Malama, sannan ta tashi ta shiga kicin. Da na leƙa na tarar ta jera kofuna uku a kan tabarma, ƙannenta huɗu sun kewaye ta, tana hana ƙaramin shan wanda aka zuba wa kanwa, mahaifiyarta kuma tana faɗan an ɓarnatar mata da zoɓon da ta ajiye don sayarwa. Na bi shawarar Alhaji na tambaye ta kai tsaye ko tana jin kunyar a kira ta malamar makaranta. Ta ce ba kunya take ji ba, tsoron tsayawa gaban mutane take yi, kuma har yanzu maganar magunguna ba ta fita daga ranta ba, amma ba ta son zaman gida. Ƙanena bai gamsu ba, ya ce dai zai biya kuɗin rajista tunda ita ta zaɓa. Ranar Litinin in Allah ya yarda zan rufe shago da safe mu je harabar jami'ar da ke Naraguta da takardunta.